Na bar gara ta cinye bargon uwar surukata

Assalamu alaikum, mai shafi da duk masu karatu. Ina gaishe ku, manya da ƙanana, ina gajiya, ina iyali. Ku matso kusa, ku aje abin da ke hannunku, ku ba ni kunnuwanku. Haka nake ce wa jikoki in zan yi musu tatsuniya, amma wagga ba tatsuniya ba ce, a gidanmu ta faru, cikin garin Tawa, daminar da ta wuce. Ni ban yi boko ba, ban iya rubutu ba. Murya na aiko wa mai shafin, na roƙe ta ta rubuta yadda na faɗa, ta ɓoye sunana da na unguwarmu, sunayen da za ku ji ma ba na gaskiya ba ne. Abu ɗaya nake roƙo, ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san za ku zage ni. To ku bari in gama tukuna.

Daga Kalfu anka kawo ni gidan ga ina amarya. Ɗakin da anka sa ni, iyayena mata sunka daɓe shi da tsakuwa da makuba, suna bugun ƙasa da madaɓi suna waƙa, har ƙasan ya yi baƙi yana sheƙi, in nono ya zube kana iya lashewa. Sunka yi mini jere a bango, tasoshi da langa da kwallaye bisa juna har kusa da rufi, ga ƙoren da anka yi wa zane, ga faya-fayai masu launi. A ɗakin nan na haifi ɗiyana duka, a nan ubansu ya cika, kuma kowace shekara ni ke sabunta daɓen da hannuna, ni ke sauke jeren in wanke in mayar. Babban ɗana, ɗan farina, shi ya gaji gidan. Kun san al'adarmu, ba na faɗin sunansa, ba na zama in yi hira da shi, in ya gaishe ni ina amsawa ina kallon gefe. Ya yi boko, yana aikin kula da dabbobi, kullum ana tura shi ƙauyuka. Sai ya auro wata ungozoma da aiki ya kawo Tawa daga Dosso, bari in kira ta Ramatu.

Zan faɗi gaskiya tun da ita na zo faɗi. Yarinyar ga ba ta taɓa zagina ba. Har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni, ita ke auna mini jini in kaina na juyawa, ita ke tsince mini ƙaya in an dafa kifi. To wannan ladabin nata shi ya fi komai ƙona mini rai, don wanda ya zage ka kana da abin da za ka kai ƙara, wanda ya kwashe maka ɗaki yana murmushi fa, wa za ka gaya wa?

Wata rana ta zo ta zauna gabana ta ce, "Inna, muna so mu gyara gida. Ɗakin nan naki shi ya fi girma, kuma shi ke kusa da ƙofa, muna so mu mai da shi falo na baƙi. Za a gina miki sabo, da siminti, da fanka, da gado mai katifa. Kin yarda?" Na ce, "Gidanku ne." Ta yi ta godiya. Da ɗiyar ƙasarmu Adar ce, da ta kalli fuskata ta koma ta ce wa mijinta a bar maganar. Ita kuwa ta tashi tana murna. Ranar da anka zo sauke jeren, ta taho da wata abokiyar aikinta, suna miƙa wa juna kwanukan. Abokiyar ta ɗaga wata tasa da bakinta ya ɓare, ta faɗi wani abu da Faransanci, su biyu sunka yi dariya. Ba na jin Faransanci, amma dariya ba ta da yare. Sai Ramatu ta juyo ta ce, "Inna, waɗannan sun tsufa, ƙura kawai suke tarawa. Za mu zaɓi masu kyau mu yi aiki da su, sauran a sa a buhu." Kwallar da uwata ta sayar da akuyarta ta saya mini, yau a cikinta ake jiƙa tsumman goge ƙasa. Na gani da idona.

To, ana nan, ana nan, sai anka kawo mai aiki, Illa, magini ne mai sa karo, wannan falen dutsen mai santsi da 'yan boko ke shimfiɗawa a ƙasa. Ɗan unguwarmu ne, na san uwarsa, mutum mai surutu da waƙa a bakin aiki, kullum cikin gaggawa don wani aikin na jiransa. Ya sa diga ya farfasa daɓena. Ina zaune ƙofar sabon ɗakina ina jin kowane sara a cikin haƙarƙarina, yana fito da gutsattsarin a baro yana zubarwa bayan gida. Da ya kai kusurwar gabas sai na ji digar ta yi shiru. Ya fito yana share zufa, ya tsuguna gabana, don mai gidan an tura shi Barmu, Madam kuma tana wurin aiki, kuma ko tana nan ba zai shiga ya tsaya zance da matar mutum ba. Ya ce, "Inna, kusurwar can akwai gara, ba kaɗan ba. A gaya wa mai gida ya sayo magani a zuba kafin in rufe, in ba haka ba za ta fito ta bango."

Ni zai gaya wa akwai gara? Tun kafin a gina ɗakin akwai suri a wurin, uban mijina ya rushe shi ya yi gini a kai. Shekara da shekaru ni da garar nan muke zaune, ta leƙo in zuba mata toka da ruwan zafi, ta koma, damina ta zagayo ta sake leƙowa. Daɓe ba ya ɓoye ta, da ta taso za ka ga ƙasarta. Ba wanda ya san haka a gidan sai ni, ba kuma wanda ya tambaye ni. Na ce wa Illa, "Za a gaya mai." Washegari ya ce, "Inna, an gaya mai?" Na ce, "An gaya mai ta waya. Ya ce ka rufe haka nan, baƙi na tafe, ba lokaci." Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, mai gida ya fi ni sanin gidansa," ya kwaɓa siminti ya rufe yana waƙarsa. Ban gaya wa kowa ba. Lokacin abin da ke raina kawai, bari ta fito ta ci ƙafar kujerunsu, su san ɗakin ga yana da mai shi.

Anka gama aiki, gida ya koma wani abu daban. Karo fari a falo, shuɗi a madafa har rabin bango, ita tana kiran wurin kizin. Anka kawo kujerun nan masu laushi da suke ce wa kanape, anka shimfiɗa darduma mai gashi a tsakiya, anka rataya labule har ƙasa, da hoton Ka'aba cikin gilashi. Maƙwabta na shigowa suna salati. Ni kuwa sai da na koyi tafiya kamar yaro, ina dafa bango don santsi, a ɗakin da na yi rayuwata ina takawa ido rufe.

Sai wata safiya Ramatu ta kira ni ta ce in zo in ga wani abu. Ta buɗe akwati ta fito da bargo, saƙar hannu irin ta ƙasarsu, baƙi da fari da ja, da zane-zane kamar an jera ƙananan gidaje. Ta ce, "Na uwata ne, Inna. Da shi anka kai ta ɗakin miji. Ina ƙarama ta rasu, ko fuskarta ba na tunawa sosai, wannan kaɗai ya zo hannuna. Ina so in rataya shi a bango kowa ya gani. Ke kin fi ni sanin ɗakin nan, ina ya fi dacewa?" Kun ji? Kayan uwata suna cikin buhu, na uwarta za su hau bangona, kuma ni ake tambaya wane bango. Na tsaya na duba ɗakin kamar mai tunani. Na ɗaga hannu na nuna gabas. Na ce, "Can, ɗiyata. Nan ne alƙibla, wurin albarka, kuma duk wanda ya shigo idonsa can zai fara sauka. Ki sake shi har ƙasa, ki jingina babbar kujerar a gabansa don yara kada su taɓa." Ta rungume ni. Ta ce, "Allah ya bar mana ke, Inna." Anka sa sanda anka rataya shi daidai bisa kusurwar.

Da a nan na tsaya, da sai in ce shaiɗan ne ya rinjaye ni rana ɗaya. Ban tsaya ba. Gara na son laima, kowa ya sani. Sai na mai da wurin alwalata bayan bangon nan ta waje, safe da rana da maraice, ruwan da na wanke fuskata da shi zan tsaya gaban Ubangiji, shi nake tuttulawa a gindin ginin. Damina ta sauka, ruwan Tawa kuma daga gabas yake bugowa, bangon ya sha ya ƙoshi. In sun fita aiki sai in shiga falon, in ja kujerar kaɗan, in ɗaga gefen bargon in leƙa. Farko layi ɗaya na jar ƙasa na gani ya fito tsakanin karo da bango, siriri kamar zare. Bayan nan ya yi rassa. Bayan nan ya hau bayan bargon ya manne. In na kara kunne ina jin ta tana ci, ƙas-ƙas-ƙas, a hankali. Ta gaba kuwa ba abin da ya nuna, launinsa na nan, baƙi na yabawa, Ramatu na ba su labarin uwarta. Sau nawa na ɗaga na gani? Sau nawa zan iya cewa, ɗiyata, sauke bargon ga ki shanya? Kalma ɗaya ta isa. Sai in saki gefen, in mayar da kujera, in koma ɗakina in kunna fankarsu. Kuma kada in yi muku ƙarya, daɗi nake ji.

Ranar da abin ya fito da hantsi ne. Gwaggonta za ta zo daga Dosso ganin gida, sai Ramatu ta ce bari ta sauke bargon ta kakkaɓe. Ta hau kujera ta kama sandar ta ɗaga, sandar ta murƙushe a hannunta kamar ɓawon gyaɗa. Bakin bargon na sama kaɗai ya biyo ta, sauran ya zube, ƙasa da zare, gara na tafasa a ciki fari fat. Bayan kanapen ma ta cinye katakon. Ramatu ba ta yi ihu ba. Ta sauko ta zauna dirshan a kan karon, tana tsintar zaren ja tana tarawa a cinyarta, tana magana da Zabarmanci ƙasa-ƙasa, na san uwarta take kira. Na zo na tsaya a kanta. Maganar da na riƙe tun ranar sauke jerena, na ce yau ranarta. Na ce, "Haƙuri, ɗiyata. Tsohon kaya ne, dama ƙura kawai yake tarawa." Na jira ta ɗago ta gane. Ta ɗago, idonta jawur, ta ce, "Haka ne, Inna," ta kifa kanta a gwiwata tana kuka. Ba ta ma tuna ta taɓa faɗa ba! Maganar da ta hana ni barci damina guda, ita ta manta da ita tun ranar. Ina shafa kanta, raina na ƙara baƙi.

Mai gidan ya dawo ya ga matarsa, ya ga bango, ya aika a kira Illa. Bayan la'asar ne, maza na zaune a ƙofar gida, ni ina cikin zaure ina ji. Ya ce, "Kai Illa, ka fasa ƙasa ka ga gara, ka rufe ka yi shiru don ka yi sauri ka tafi wani aikin? Me ya raba ka da ɓarawo?" Illa ya ce, "Subhanallahi! Mai gida, wallahi na faɗi. Na gaya wa Inna, ta ce ta gaya maka, kai ka ce in rufe. Ga ta nan da ranta, a tambaye ta." Ɗana bai juyo ba, ya ce, "A tambayi tsohuwa." Na gyara lulluɓi na matso bakin zaure. Na ce, "Illa, ɗan wa kake a garin ga? Uwarka ba ta koya maka komai ba? Wa ke ba uwa saƙo zuwa ga ɗan farinta? Tun da na haife shi, wa ya taɓa ganin na tsaya ina zance da shi, balle in ɗauki waya in kira shi? Ni ban ji komai daga bakinka ba sai waƙa da roƙon goro." Mazan sunka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Tsohuwa ta yi gaskiya, ka nemi wata ƙaryar." Illa ya ce, "Inna, ki ji tsoron Allah." Sai ga Ramatu ta fito daga bayana, ita da ba ta taɓa ɗaga murya gaban maza ba, ta ce, "Ka lalata mini abin uwata, yanzu kuma tsohuwa za ka yi wa ƙazafi? Ko furfurarta ba ka ji kunya ba?" Ta kama hannuna ta mai da ni ciki, tana ba ni haƙuri.

Ɗana ya ɗauki hoton bangon da na bargon ya watsa a wayoyin abokan aikinsa, da sunan Illa a ƙasa. Irinsu ne kuwa masu sa a shimfiɗa musu karo a garin ga, ma'aikata da malaman makaranta da mutanen asibiti, talaka ina ya ga karo? Wanda ya ba Illa aiki ya karɓe, wanda ya yi niyya ya fasa. Matarsa ta zo mini da goyo a baya, ta durƙusa ta ce, "Inna, don girman Allah ki tuna. Ko mantuwa kinka yi, ki ce kin manta, ba wanda zai ga laifin tsohuwa." Ta ba ni ƙofa a buɗe, kun gani. Na auna mata gero a kwano na ce ta gaida yara. Ta bar geron a nan ta fita.

Ga inda kowa ya tsaya yanzu. Ɗana ya sa an fasa kusurwar an zuba magani, wani magini daga wata unguwa ya sake rufewa, kuma ɗana ya rantse ba zai yafe wa Illa ba. Gwaggon ta zo ta ga abin da ya saura, ta kwana ɗaya ta koma, ta ce wa Ramatu da ta san haka za ta yi da shi da ba ta ba ta ba. Ramatu ta daina shiga falon sai in baƙi sun zo, bangon gabas ba komai a kansa, ta rame, amma har yau ita ke kawo mini kunu da safe, kuma ta fi da ladabi. Illa ya sayar da injin yankan karonsa, an ce yana shirin tafiya Abijan dako, mutumin da ke da sana'a a hannu. Amma kafin ya tafi ya kai magana wurin mai unguwa. Ya ce ba ya neman komai wurin kowa, sunansa yake so a wanke. Ya ce a kawo Alƙur'ani, in dafa in ce bai gaya mini ba, in na dafa ya yafe har lahira. Mai unguwa ya sa ranar Asabar mai zuwa. Ɗana ya aiko matarsa ta gaya mini kada in damu, in je in dafa a wuce wurin, ita za ta raka ni ta riƙe mini hannu.

Ba zan ce muku na yi nadamar bargon ba, don in na tuna kwallar uwata da tsumma a ciki har yanzu zuciyata ba ta yi sanyi ba, Allah ya sani, ku ma ku sani. Illa ne ya tsaya mini a wuya, da yaransa, shi da bai taɓa mini komai ba sai abin da anka sa shi. Kuma na tsufa, likkafanina na cikin akwati, hannun ga da zan ɗora bisa Littafi ba da jimawa ba za a naɗe shi. In na dafa, na san inda na sayi wurin kwana. In na faɗi gaskiya, a gaban mai unguwa da mazan da sunka yi mini shaida, ɗana zai ji uwarsa ta sa ya tozarta mutum a banza, yarinyar ga za ta ji hannun da ya shafa kanta shi ya nuna mata bangon, kuma ba na jin zan sake kwana a gidan ga, sai dai a mai da ni Kalfu wurin ɗiyan ƙanena in ƙarasa a can. In ce mantuwa ce, kamar yadda matar Illa ta roƙa? Wannan zai wanke Illa, amma wata ƙaryar ce, kuma a kan Littafi za a tambaye ni. Asabar na matsowa. 'Yan'uwa, ku zage ni in kun so, amma ku ba ni amsa. Me zan yi?